Lamba Tamanin da Shida

Ku da kuke ta turo min saƙo kuna cewa, Auta kin yi shiru, ina labarin Mai Lissafi, yaushe za mu sha biki, to ku gyara zama. Ba jan aji nake yi ba. Tun safe nake rubuta layi biyu in goge, saboda akwai abin da ban taɓa faɗa muku ba, kuma in ban faɗe shi ba, ba za ku gane abin da aka yi min ba.

Na yi ciwon damuwa. Ba irin damuwar da ake cewa sha ruwa ki kwanta ba. Shekara uku da suka wuce, bayan rasuwar Abbanmu, wata biyar na yi a ɗaki. Wanka sai Umma ta ja ni da hannu, abinci in tauna in ji kamar kwali, in zauna tun safe ina kallon labule ɗaya har rana ta juya. Da ƙyar Yaya, babbar yayata, ta kai ni asibiti, aka ɗora ni kan magani, a hankali na dawo cikin mutane. A lokacin akwai wani malamin makaranta da yake nemana. Ranar da ya ji ɓangaren asibitin da nake ganin likita, ya fara da aiki ya yi masa yawa, ya ƙare da aiko mana katin aurensa da wata. Tun daga nan Umma ta kafa doka a gidanmu, maganar nan ba ta fita ƙofa.

Da na samu sauƙi likita bai ɓoye min ba, ya ce ciwon nan in ya san hanyar gida yana iya dawowa. Ya ce akwai cibiyar bincike a bayan asibitin da ke gwada wani atisaye na ƙwaƙwalwa, a ga ko zai tare shi, in ina so in shiga. Atisayen a waya yake. Ki sa abin kunne, wata murya tana jero lambobi, ke kuma kina haɗa ta ƙarshe da wadda ta gabace ta kina dannawa. In kina ci sai muryar ta ƙara sauri, har ki ji kamar ki maka wayar da bango. Minti ashirin kullum. Wai yana koya wa kai ya riƙe abu ɗaya, ya daina tauna baƙin tunani. Ni dai ya yi min amfani, ba zan ci amanarsa ba.

Ranar da na shiga, Nas, wata dattijuwa mai tabarau da igiya, ta miƙo min kati ruwan ɗorawa da lamba tamanin da shida a jiki.

"'Yata, daga yau a kwamfutarmu ba ki da suna," in ji ta. "Wannan lambar ce ke. Takardar da ta haɗa suna da lamba tana cikin kabad ɗin can, mukullin yana wuyana."

Duk wata uku zan je in cike fom, har wata goma sha takwas. Yaya barcinki, sau nawa kika yi kuka, kwana nawa kika kasa zuwa aiki, nawa kika kashe a magani da kuɗin mota, kin taɓa jin gara ba kya duniyar. A ƙasa akwai fili fari, ki rubuta abin da kike so. Saboda na yarda ni lamba ce kawai, na zuba wa filin nan abin da ko Umma ban gaya wa ba. Katin kuma na ajiye shi a gwangwanin da Umma take tara takardun gida, a saman wardrob ɗinta.

To, mu zo kan Mai Lissafi. Ina aiki a shagon buga takardu da ke kallon ƙofar asibitin. Wata goma da suka wuce ya shigo da filashin kwamfuta a hannu, farar riga mai dogon hannu, biro uku a aljihu, ya tsaya yana ƙirga shafuka bayan injin ya riga ya ƙirga.

"Malam, injin nan ba ya ha'inci," na ce.

"Ni ma ba na yi. Shi ya sa muke duba juna."

Na yi dariya, shi ke nan na faɗa sonsa. Yaya ce ta raɗa masa sunan, don ranar da ya fara zuwa gidanmu, kafin ya gama shayinsa ya lissafa mana cewa tsohon firjinmu yana cin kuɗin sabo duk shekara biyu.

Sati na uku ya gaya min inda yake aiki. A cibiyar. Wallahi sai da na dafa teburin injin. Amma ya ce shi ba likita ba ne, bai taɓa ganin fuskar mutum ɗaya ba, lambobi kawai ake turo masa.

"Masu ba da tallafi tambaya ɗaya gare su," ya ce, yana zana min a bayan wata takarda da ta lalace. "In an kashe kuɗi kaza a kan atisayen nan, wayoyi, data, albashi, shekara nawa ta lafiya aka saya da shi? Sai a cire abin da aka huta kashewa, gado a asibiti, magani, kwanakin da mutum zai rasa a wurin aiki. Akwai layi. In kuɗin shekara ɗaya ta lafiya ya faɗo ƙasan layin, sai a ce abin ya cancanta, a ba kowa. In ya haura, a rufe."

"Mutanen fa?"

"Mutanen suna cikin lambobin, ranki ya daɗe."

Ni a lokacin burge ni maganar ta yi. Na ce a raina, kai, mutumin nan akwai kwanya.

Abin da ya kashe ni a kansa shi ne yadda ya san ni ba tare da na buɗe baki ba. Kullum ƙarfe bakwai na safe saƙonsa zai shigo: "Ina kwana. Ba zan dame ki ba sai bakwai da rabi, ki yi hidimarki." Lokacin atisayena ke nan daidai. Ranar Laraba, ranar da Abba ya rasu, wadda kullum take min nauyi, zai biyo ta shago da lemo mai sanyi ya ce hanya ce ta biyo da shi. Akwai wani sati da na yi sakaci na bar atisayen kwana huɗu, sai ya ce, "Kwana biyu kamar ba kya samun lokacin kanki da safe." Sannan wata yamma yana raka ni bakin titi, ina gyara mayafina iska tana ɗaga shi, ya ce, "Ki sani ni mutum ne da ba ya tsoron amsa. Duk abin da na tambaye ki, zan iya ɗaukar amsarsa." Ranar a cikin mota na yi kuka har na isa gida. Na ce Allah Ya aiko min wanda ya iya karanta zuciya.

A gida kuwa Umma ta sa ni a gaba. Wata takwas, wata tara, yaushe manyansa za su zo? Shi kuma kullum amsa ɗaya, a bari su rufe tattara bayanai a wurin aiki, kansa ya huta. Ni ba jinkirin ne ya dame ni ba. Abin da yake ci na shi ne ban gaya masa ba. Ba na so in shiga gidan mutum da ƙulli a zani.

"Umma, zan faɗa masa," na ce wata rana muna ninke wanki.

"Ba da yawuna ba."

"In ya ji daga baya fa?"

"Ke dai ki yi shiru. Ki ci gaba da abin kunnenki, ki yi shiru."

Yaya ta ɗora nata. "Auta, kin manta malamin makaranta? Wannan karon in kika kore shi da bakinki, ni ba ruwana. Mutum mai albashi, mai hankali, ko sigari ba ya sha. Me kike nema kuma?"

Haka na zauna tsakanin in faɗa da kar in faɗa, har barci ya fara gudu na. Na rame, doguwar rigata mai ruwan toka sai da na kai aka rage min ita. Na fara tsintar kaina ina kallon labule. Na san alamun, ai ni da su tsofaffin sani ne.

A cikin wannan halin ranar fom ɗina na ƙarshe ta zo, sati biyu da suka wuce. Na zauna da biro a gaban Nas. Yaya barcinki? Na zaɓi lafiya lau. Sau nawa kika yi kuka? Babu. Tun daga sama har ƙasa ƙarya na shirga, karo na farko a wata goma sha takwas. Kun san dalili? Na san lambobin nan teburinsa za su je. Na san yadda ya ƙwallafa rai atisayen nan ya faɗo ƙasan layi. Na ce ba ni ce zan ɓata masa aiki ba, ko da bai san ni ce ba. Don son shi na yi.

Washegari da azahar ya kira ni, murya har rawa take don murna. Ya ce ya yi magana da Baffansa, manya za su zo ranar Asabar bayan sati biyu. Wato Asabar ɗin nan da ke gabanmu. Umma ta yi ta hamdala, Yaya ta tafi kasuwa ta ɗauko sabon labule da kafet na falo. Ni kuma na ƙudurta ko za a yanka ni sai na gaya masa kafin ranar.

Jiya Talata, wajen ƙarfe goma, ya shigo shago a gurguje, jakar kwamfutarsa a kafaɗa. Ya ajiye min filashi.

"Rahoton ƙarshe ne. Kwafi arba'in, bango shuɗi. Jibi za mu gabatar."

"Ya faɗo ƙasan layin?"

Ya yi murmushi har haƙoransa suka fito. "Da kyau ma. Ina da taro, zan dawo da la'asar."

Na soka filashin. Rahoton yana nan, shafi saba'in da biyu. A ƙasansa akwai wani fayil ƙarami, sunansa lamba ce kawai. Tamanin da shida.

Na daɗe ina kallonsa. Na ce wa kaina wataƙila lambar shafi ce, wataƙila lambar ɗaki ce. Mutum ɗari uku ne a binciken nan, don me tawa kaɗai za ta samu fayil? Na danna.

Jadawali ne, irin wanda yake zana min a bayan takarda. A sama ya rubuta, "Shawara ta kaina." A hagu ya jero abubuwa. Yiwuwar ciwon ya dawo cikin shekara biyar, in tana atisaye, da in ta daina. Kuɗin magani a shekara. Kwanakin da zan bar aiki in yi jinya. Albashin mai aiki in ta kwanta. Haɗarin dawowarsa bayan haihuwa. Kowanne da lambarsa a gaba, har da ɗigo. A dama ya sa abin da zai samu. Tana da natsuwa. Tana girmama mahaifiyata. Tana sa ni dariya, ban san yadda ake auna wannan ba, na ba shi takwas cikin goma. A ƙasa, da jan rubutu: "Tana ƙasan layi, matuƙar ba ta daina atisaye ba. A jira fom na ƙarshe." Sai layi ɗaya da aka ƙara daga baya, da kwanan watan ranar da ya kira ni yana murna: "Fom na ƙarshe ya yi kyau. A sanar da Baffa."

Akwai shafi na biyu. Duk amsoshina ne tun daga fom na farko. Ƙarfe nawa nake kunna atisaye, kwana nawa na tsallake. Da abin da na rubuta a filin nan fari, kalma da kalma. "Laraba ce ta fi min nauyi." Ya ja layi a ƙarƙashi. "Ina so wani ya tambaye ni yaya nake, ba tare da ya ji tsoron amsar ba." Nan ma ya ja layi.

Ashe ba zuciyata yake karantawa ba, fayil yake karantawa.

Ban yi kuka ba. Na buga shafukan biyu, na ninke na sa a jaka, na ce wa maigidan shago kaina yana ciwo. Tambaya ɗaya ce take juya min a mota. Mukullin yana wuyan Nas, kuma matar nan ba za ta ba ko ɗan cikinta ba. To wa ya gaya masa ni ce tamanin da shida?

Na tarar da Yaya a kan kujera tana maƙala sabon labule, Umma tana ƙasa tana riƙe mata ƙafar kujerar. Ban yi musu magana ba na wuce ɗakin Umma, na sauko da gwangwanin. Katin yana nan, amma ba inda na sa shi ba. Ni a ƙasan takardar haihuwata na sa shi. Yanzu yana can sama, cikin wata farar ambulan mai tambarin cibiyar.

Na fito da shi a hannu. "Umma, wa kika ba katin nan?"

Ta saki ƙafar kujerar. Yaya ta sauko a hankali, labulen yana reto a rabi.

"Zauna, Auta."

"Ba zan zauna ba. Wa kika ba?"

Umma ta goge hannunta a zani duk da ba ruwa a jiki. "Tun wata na biyu ya zo, kina shago. Ya ce ya hango ki kina shiga ƙofar cibiyar. Ya tambaye ni kai tsaye, cikin ladabi, har ƙasa ya durƙusa. Me zan ce masa? In yi masa ƙarya? Na gaya masa komai. Ya ce in yana da lambar zai iya gani da idonsa ko kina samun sauƙi. Na ce in dai hakan zai sa ya zauna, ga shi."

"Wata takwas ke nan."

"Bai gudu ba, Auta. Ki duba wannan. Ya sani kuma bai gudu ba."

"To da ya sani, me ya sa kike hana ni faɗa masa? Sau nawa na roƙe ki?"

Umma ta kalli Yaya. Yaya ce ta amsa, murya ƙasa ƙasa. "Shi ya ce kar mu bari ki san ya sani. Wai in kika sani, za ki fara cike fom ɗin don shi, amsoshinki su gurɓace. Ya ce a bari ki gama na ƙarshe."

Na tsaya ina kallonsu. Uwar da ta haife ni da yayar da ta goya ni. Wata takwas suna kallona ina ramewa, ina juya abinci a faranti, ina roƙon izinin in faɗi gaskiya, alhali sun san babu abin da ya rage a faɗa. Sun zaɓi fom ɗinsa ya fita tsaf.

"Yaya, ke kika raka ni wurin tela aka rage min riga."

"Don alherinki muka yi."

"Kun tambaye ni?"

Umma ta fara hawaye. "Ni tsoro nake ji. In na mutu wa zai riƙe ki? Ina so in ga kina ɗakinki kafin in rufe ido."

Na san gaskiya take faɗa, kuma hakan bai rage min komai ba. Na ji haushinta, na ji tausayinta, amma abin da ya fi yawa a ƙirjina shi ne an ci amanata a cikin gidanmu. Na ɗauki jakata na koma shago, don ba na so ya zo ya same ni a falon da aka yi wa sabon kafet saboda shi.

Ya dawo bayan la'asar. Injin yana ta fitar da rahotonsa, kwafi na talatin da wani abu, maigidan shago ya fita. Ya shigo yana fara'a, ya sauke jakar kwamfutar a kan benci kusa da shi.

"Ranki ya daɗe, an kusa?"

Na miƙa masa shafukan biyu. "Wannan kwafi nawa za a yi?"

Fara'arsa ta ɗauke. Ya zauna. Ya cire tabarau ya mayar.

"Ba a filashin nan ya kamata ya kasance ba," ya ce.

"Wannan ne abin da ya dame ka?"

"A'a. Ki saurare ni. Ki karanta ƙarshensa, lissafin ke ya goya wa baya. Mahaifiyata ta ji ƙishin ƙishin, ta ce ba za ta yarda ba. Ni ban iya rarrashi ba, ban iya daɗin baki ba. Abin da na iya ke nan. Na kai mata takarda na nuna mata haɗarin bai kai yadda take tsoro ba."

"Ita ma ta karanta ke nan."

Ya kalli shafukan da ke hannunsa.

"Har da Laraba?"

"Shafin farko kawai."

"Na gode da ka rufa min asiri." Na karɓe shafukan daga hannunsa. "Lemon Laraba, daga nan ka samo. Bakwai da rabi, daga nan. Ranar da ka ce ba ka tsoron amsa, na yi kuka a mota kamar wawuya, ashe haddace min maganata ka yi ka dawo min da ita."

"Don na damu da ke ne. Na ga abin da kike buƙata na ba ki. Laifi ne?"

"Ba kai na rubuta wa ba. An ce min ni lamba ce. Ka san dokar wurin aikinku ko ba ka sani ba?"

"Na sani." Ya sunkuyar da kai. "In aka ji, aikina ya tafi."

"Ni ba aikinka nake tambaya ba. Takwas cikin goma. Ina sauran biyun suka tafi?"

"Don Allah kar ki mai da shi haka."

"To amsa min wannan, kai da ba ka tsoron amsa. Da fom na ƙarshe ya fito da muni fa? Da na haura layin?"

"Ai bai fito da muni ba."

"Da ya fito."

"Me ya sa za mu tsaya kan abin da bai faru ba? Kin warke. Lambobinki sun fi na kusan kowa kyau. Na ƙarshen nan ma ko ɗigo babu."

A nan ne wata irin dariya ta kufce min, marar daɗi. Injin ya tsaya, takarda ta ƙare, shagon ya yi tsit.

"Na ƙarshen ƙarya ne," na ce. "Wata biyu ba na barci. Ina kuka a banɗakin shagon nan kusan kullum. Ranar Lahadi awa uku na yi ina kallon labule. Ciwon yana bakin ƙofa, kuma tsoron gaya maka ne ya kira shi. Na cike fom ɗin lafiya lau don kar in ɓata maka rahoto. Kun ɓoye min don kar amsoshina su gurɓace, ga shi nan kun gurɓata su da hannunku."

Ya gyara zama a kan bencin.

Masu karatu, a wannan lokacin abu kaɗan nake jira. Da ya ce sannu, da ya ce tashi mu je wurin likita yanzu, da ko sunana kawai ya kira, wallahi ina jin da na yafe masa a wurin. Haka nake son shi, ba zan yi muku ƙarya ba.

Idona yana kansa. Sai na ga hannunsa na dama ya tafi a hankali, shi kansa bai sani ba, ya sauka a kan zif ɗin jakar kwamfutar.

"Wata biyu cif?" ya ce. "Ko ya ɗan fi?"

Ya ga inda nake kallo, ya janye hannun da sauri kamar ya taɓa wuta. Amma na riga na gani. Na zuba wa injin takarda, na ƙarasa masa kwafi arba'in, na sa musu bango shuɗi, na jera a kwali. Yana ta magana a bayana, ban ji ko ɗaya ba. Na rubuta masa rasit kamar kowane kwastoma na ce a sauka lafiya.

Yau Laraba. Ƙarfe bakwai saƙon ina kwana bai shigo ba. Na sa abin kunnena na yi atisayena duk da haka, don ba nasa ba ne, nawa ne. Umma ta biyo ni har ƙofa tana tambaya me za ta ce wa mutane ranar Asabar. Na ce ta tambayi wanda ta ba katin.

Na zo cibiyar na samu Nas, na ce ina so in sake cike fom ɗina na ƙarshe, wancan ba gaskiya ba ne. Ta sauke tabaranta ta daɗe tana kallona. Ba ta yi min faɗa ba. Ta ce, "Gara da kika dawo, 'yata. In kin gama ba za ki tafi ba sai kin ga likita." Ta miƙo min sabon fom da biro. Shafukan nan biyu suna cikin jakata, ban nuna mata ba tukuna.

A kan bencin da nake jiran likita nake rubuta muku wannan. Ɗazu, ina tsakiyar ba ku labarin gwangwanin Umma, wayar ta yi ƙara. Shi ne. Na ɗauka haƙuri zai bayar, har zuciyata ta buga, don ita ba ta da zuciya. Fayil ya turo, da layi ɗaya a ƙasa.

"Na sake lissafin da sababbin bayanan. Don Allah ki buɗe."

Ban buɗe ba. Wataƙila har yanzu ina ƙasan layin, wataƙila na haura. Ko me ke ciki, ya zauna ya sake. Ga Nas can tana kiran lamba tamanin da shida.